Tsarabar Gammo Daga Misfala

Mun tashi da asuba daga tashar Kano a cikin wata babbar mota mai bodin katako, kowa ya ɗare kan ƙullin kayansa. Ku da kuka yi ta zuwa barka da sauka kuna cewa in ba ku labari, to ga shi, amma kada wanda ya sa ran zai ji daɗinsa duka, don da fushi na dawo kuma har yau ban huce ba. Ba aikin hajji kaɗai ya fitar da ni daga gida ba. Inna ce ta aike ni in komo mata da Yayanmu, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun ina ƙarami, ya zauna can fiye da shekara ashirin. Idonta ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, ba ta da sauran buri illa ta ji muryarsa a tsakar gida kafin ta koma ga Allah.

Ba ta faɗi haka da bakinta ba, don ɗan farinta ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu mata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Na Gabas" take cewa, shi ma sai ta kau da kai. Duk shekara idan alhazan garinmu sun dawo sai su zo gaishe ta, su ce sun gan shi yana nan lafiya. Wani ya ce yana karatu a Harami. Na bayansa ya ce ai har ya fara karantarwa. Kafin a jima ya zama shehi mai ɗalibai, da gidan bene. Inna ba ta da damar tambaya, sai ta ce madalla, ta ci gaba da kaɗin audugarta. Da zaren nan aka yi saƙi, aka ɗinka babbar riga mai aska takwas, aka haɗa da rawani. Ranar tafiya ta miƙo mini ƙullin ta ce in ba shi ya sa idan mun kusa gari.

Ejan ɗin da ya shirya mana tafiya ya rantse cewa kowa zai sami wurin miƙe ƙafa. Allah ya isa tsakanina da shi. Daga Kano har Yerwa gwiwata tana cikin haƙarƙarin wani dattijo, tasa kuma tana cikin nawa, ba wanda ya ce wa wani sannu don ba mai laifi a cikinmu. Muka ƙetare kogi a Fallomi, Faransawa suka jera mu a rana aka yi mana lamba, aka kwance kayan kowa. Wani soja ya ware rigar Inna ya kara a jikinsa yana dariya. Da ba don abokan tafiya sun riƙe ni ba, da a nan hajjina ya ƙare.

Daga Fallomi zuwa Abashe har Jinena ba hanya ba ce, sawun waɗanda suka riga ka ne cikin rairayi. Mota ta kafe, a sauko, a shimfiɗa mata faifan ƙarfe, a tura, a hau, ta yi ɗan gaba ta sake kafewa. Kuɗin mota muka biya, amma in za a yi adalci rabin hanyar mu muka ɗauki motar. Azumi ya same mu a ƙasar Sudan, muna buɗe baki da kisira, wata waina ce siririya mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa. Mutanen can suna da kyautar shayi, ba na ƙi musu wannan ba. Ruwa ne dai sai ka saya, shi ma ka tace da bakin rawani.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Sudan shi ne ƙauyukan Hausawa. Ka sauka a wuri ka ji ana sallama da harshenka, ga rumbu, ga turmi, ga mata suna tallar ƙosai. Duk alhazan hanya ne da suka tsaya noman auduga don su sami guzuri. Wanda ka tambaya sai ya ce ai shi matafiyi ne, baɗi zai wuce. Na ga mai furfura wanda a nan aka haife shi, shi ma wai yana kan hanya. Na yi musu dariya, har na ce wa abokan tafiyata lalaci ne kawai, mutum ya sami ƙasa mai laushi ya miƙe ƙafa.

A Ubayyid muka hau jirgin ƙasa zuwa Hartum, daga nan sai bakin teku. Aka tsare mu a karantina, wato wurin killace matafiya don duba lafiya, a Suwakin muna kallon ruwan da ba a sha, sannan aka loda mu a saman jirgin ruwa tare da tumaki. Amai kam ban san ina da abinci a ciki haka ba. A Jidda aka rarraba mutane, kowace ƙasa da muɗawwifinta, wato mai masaukin da zai yi maka jagora a aikin hajji. Aka kira mutanen Jawa, aka kira na Hindu, aka kira Turkawa, duk suka shiga motoci. Mu Takari, haka ake kiran duk baƙin mutum da ya fito daga yamma, aka bar mu a gindin bango har rana ta yi tsaka. Kowa da harami iri ɗaya a jikinsa, amma a wurin mai rabon mota wani farin ƙyalle ya fi wani.

Sai dai ranar da na shiga Harami na ga Ɗakin Allah, duk wannan ya fita daga raina. Na yi kuka kamar yaro, na yi wa Inna addu'a, har ejan ɗin nan na kusa yafe masa.

Washegari na fara neman Yaya. Ni malamin Arabiyya ne a makarantar elemantare, saboda haka na bi da'irorin karatu na cikin Harami ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wani shehi Bahaushe mai suna kaza. Aka nuna mini malamai Hausawa, masu ilimi ƙwarai, amma babu shi, babu kuma wanda ya san shi. Sai aka ce in gangara Misfala, kudu da masallaci, can mutanenmu suke. Gaban unguwar gidajen dutse ne masu tagogin katako da ake ba alhazai haya. Bayanta kuwa, wajen hanyar Kudai, bukkoki ne na gwangwanin kananzir da aka fasa aka shimfiɗa, da tsummokin buhu. Masu ga-ruwa suna kai da kawowa da garwa bibbiyu a sanda, mata suna dama fura, yara suna zagin juna da Larabci uwarsu tana raba su da Hausa. Wani tsoho mai tsire, wanda Larabawa ke yi wa layi, ya saurari kwatancena har ƙarshe. Da na ce shehi sai ya tuntsure da dariya. Ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, ka koma Harami bayan la'asar, ka saurari masu cewa hashab."

Hashab katako ne da Larabci. Wanda ba ya iya ɗawafi da ƙafarsa, ana ɗora shi a wani gado na katako da igiya da ake kira shibiriyya, ƙarti su ɗauka a ka su zaga da shi, suna ihun hashab don a ba su hanya. Galibin masu ɗaukar nan mutanenmu ne. Ina tsaye bayan la'asar sai na ji ihun da wata murya irin ta mahaifinmu. Na waiga, ga mutum huɗu ɗauke da wani farin tsoho, na gaba ta dama yana da tsagar gidanmu a kumatu. Na bi su har suka sauke. Ya cire gammo, na ga tsakar kansa ba gashi, ta yi kanta baƙi ƙirin. Na ce, "Yaya." Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ko gaisuwa ba mu yi ba.

Ɗakinsa ɗaya ne daga cikin bukkokin gwangwanin nan, da tabarma da tulu da ƙusa a bango. Matarsa ta rasu, ba su sami haihuwa ba. Babu abin da ya riƙe shi a Makka wanda ido zai gani. Na kwance ƙullin Inna na shimfiɗa rigar, ya ja da baya kamar na ajiye masa garwashi. A nan na ji yadda aka yi. Alhajin farko da ya same shi, abin da Yaya ya roƙe shi kawai shi ne ya ce wa Inna yana lafiya. Sauran kuwa kowa ya zo shi ke ɗaukar masa kaya, shi ke nema masa ruwa a Mina, wanda ya kwanta ciwo shi ke jinya. Idan sun koma gida sai nauyinsa ya kama su, su ga ba za su iya cewa ɗan dako ne ba, sai kowa ya ƙara masa daraja a kan ta wanda ya gabata, wai rufin asiri. Labarin yana dawo masa ta bakin sababbin alhazai. Na ce duk wannan ba komai ba ne, ya tashi mu tafi, Inna ba ta da lokaci. Ya ce, "Halas, shi ke nan, na ji. Baɗi in sha Allahu." Na ji kamar in shaƙe shi.

Tsohon da na gani a kansu mutumin Iran ne, Ba'ajame kamar yadda ake ce musu a Makka, ƙafafunsa sun shanye. Ɗansa ne ya kawo shi, wani mai tabarau wanda ba zai girme ni da yawa ba, ya kuma ɗauki su Yaya haya har ƙarshen aikin hajji. Tun da ina manne da Yaya ina yi masa naci, dole muka riƙa haɗuwa. Abokan tafiyata suka ja mini kunne, wai Shi'a ne, kada in ci abincinsa. Ni abincinsa bai dame ni ba, tambayarsa ce ta dame ni. Mutumin nan ba ya ganin ɗan dako ko mai ga-ruwa ya ƙyale. Daga ina ka zo, wa ya sauke ka ran da ka iso, wa ke yi muku sulhu in kun yi faɗa, wa ke binne muku gawa, 'yar wa kake aure, yaushe za ka koma. Da Larabcin littafi yake yi, irin nawa, 'yan Makka suna yi mana dariya mu duka biyu. Na ɗauka ɗan leƙen asiri ne, na kuma gaya masa haka a fuskarsa.

A Mina ya ba ni amsa, ranar da zafi ya hana kowa fita jifa sai da yamma. Zafin shekarar nan ba a magana, mutane suna faɗuwa a hanya, warin yanka ya cika kwarin. Ya kira ni inuwar tantinsu, ya zuba mini shayi daga wata tukunyar tagulla mai bututun gawayi a tsakiya. Na sha, ban kuwa mutu ba. Ya ce shi malami ne a Tehran, yana koyar da wani sabon fanni da ake kira ilmul ijtima'i, wato ilimin zaman jama'a. Na ce zaman jama'a kuma har sai an koya wa mutum a makaranta? Mu a garinmu kowace tsohuwa ta san shi. Ya yi murmushi ya nuna mahaifinsa da ke kwance, ya ce a wurin irin su abin ya faro, tun ba shi da suna.

Ga yadda ya ba ni labarin. Sa'ad da tsohon yake saurayi a Tabriz, ƙasarsu tana cikin wulaƙanci, Rasha ta danne ta ta arewa, Ingilishi ta kudu, yunwa da annoba suna zuwa suna komawa. Wasu mutanensu da suka yi gudun hijira zuwa Istanbul da Masar da Hindu suka riƙa buga jaridu, fatake suna shigo da su a ɓoye cikin dilar yadi. Tsohon nan shi ke karanta wa waɗanda ba su iya ba a shagon shayi. Tambaya ɗaya ce a cikinsu duka: me ya same mu? Wasu suka ce ƙasa jiki ce, tasu ba ta da lafiya, a nemo inda ciwon yake. Wani ya ɗora laifi a kan sarakuna, wani a kan malamai, wani a kan rashin doka, wani a kan tarbiyyar gida. Ba masana ba ne, 'yan kasuwa ne da ma'aikatan ofis da korarru, sun yi kuskure da yawa, sun kuma zagi juna. Amma su suka fara cewa halin da jama'a ke ciki yana da dalilin da za a iya bincikawa, kamar yadda ake bincika dalilin zazzaɓi. Daga baya aka tura samari karatu Turai, irinsa, suka tarar can ma an daɗe ana wannan tambaya har an mai da ita fanni. Ya ce a ƙasarsu dai fushi ne ya haifi abin, makaranta suna kawai ta raɗa masa.

Wannan ya burge ni, don ni ma a cike nake. Sai na kwashe labarin Yaya na gaya masa, na ce ban taɓa ganin mai taurin kai da rashin tausayin uwa irinsa ba. Ya fassara wa tsohon da harshensu. Tsohon ya yi magana mai tsawo, hawaye na bin gefen idonsa. Ashe ƙanensa ya tafi Baku aikin rijiyar mai, kamar yadda talakawan yankinsu suka yi ta tafiya a lokacin. A gida aka ce ya zama attajiri. Bai taɓa dawowa ba, sai bayan ya mutu aka ji a ɗakin haya na lebura ya ƙare.

Sannan mai tabarau ya juyo gare ni. Ya ce ya tambayi duk masu ɗaukar mahaifinsa, da maƙwabtansu, da masu kawo musu ruwa, yaushe za su koma, kusan kowa amsa ɗaya ya ba shi. Ya ce, "Idan mutum ɗaya ne ya yi, sai ka ce halinsa ne. Amma unguwa guda ba ta yin taurin kai iri ɗaya. Ka bar duban yayanka, ka dubi ranar da zai sauka a garinku. Wa zai tarye shi, kuma me za su duba a hannunsa?"

Na tuna ƙauyukan Sudan da dariyar da na yi musu. Na tuna yadda muke tarbar alhaji a garinmu, da kiɗa da guɗa, ido yana kan akwati tun kafin a ce sannu. Na tuna wani da ya dawo da tasbaha da dabino kaɗai, yadda aka mai da shi abin ba'a a kasuwa har ya bar garin. Maimakon in gode masa sai raina ya ɓaci, don ya faɗi gaskiya, kuma baƙo ne ya faɗa. Na ajiye kofin na ce, "To malam, wannan ilimin naka ya sauke mahaifinka daga kan Yayana?" Bai yi fushi ba. Ya ce a'a, bai sauke kowa daga kan kowa ba tukuna, iyakarsa ya nuna maka inda aka ƙulla igiyar. Na tashi na bar masa tantinsa ban yi sallama ba. Bayan Mina ba mu sake zama ba, sai ɗaga hannu daga nesa.

Ran da za mu bar Makka, bayan ɗawafin bankwana, na sami Yaya a bakin ƙofar masallaci inda masu shibiriyya ke jiran ciniki. Wannan karon ban zage shi ba. Na ce ya bar rigar, ya taho yadda yake, ni zan shiga gaba in gaya wa mutane gaskiya. Ya ce ni yaro ne, ban san garinmu ba. Ya ce zai iya ɗaukar ƙaton Baturke a ka daga Safa zuwa Marwa ta cikin kasuwar da ke tsakaninsu, amma ba zai iya ɗaukar idon mutanen unguwarmu ba, balle a ce saboda shi aka yi wa Inna dariya a gidan biki. Na ce Inna ba ta gani, muryarsa take so. A nan ya fusata. Ya cire gammon kansa ya jefe ni da shi a ƙirji. Ya ce, "Ga tsarabata. Wallahi in kai namiji ne ka sa mata a hannu, ka ce ga rawanin shehin." Aka kira masu ɗauka, ya cire tsohon mayafinsa ya naɗe wani gammon, ya shige ba waiwaye. Na tsugunna na ɗauki wanda ya jefar.

Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, sai dai damina ta wuce ta bar mana taɓo a maimakon rairayi. Da muka ratsa ƙauyukan Hausawan Sudan ban yi wa kowa dariya ba. Na riƙa tambayarsu wa suka bari a gida, da me aka ce sun zama. Kada in ɓoye muku, tun daga Hartum har Yerwa ƙarya nake shiryawa. Ta zo mini da sauƙi ƙwarai: ɗalibai ne suka hana shi, ya ce a gaishe ki, baɗi yana tafe. A nan na gane alhazan garinmu ba mugaye ba ne. Kowannensu tausayi ya ji, ya ɗora nasa tubalin, har ginin ya rufe mutum da ransa.

Mun iso gida an gama yankan gero. Aka tarye ni da kalangu, yara suna rige-rigen ɗaukar akwati, wata gwaggo tana ɗaga shi tana auna nauyinsa. Na shiga wurin Inna, alhazan unguwa suka biyo ni, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Na ajiye ƙullin rigar a gabanta. Ta shafa, ta gane zarenta, ta janye hannu. Sai babban alhazan ya yi gyaran murya ya ce ai dama sun faɗa, ɗalibai ba za su sake shi ba, ko ba haka ba Alhaji? Ya miƙo mini ƙaryar har baki, saura in haɗiye. Na ce ba haka ba ne. Na ce Yaya ɗan dako ne a Harami, marasa ƙafa yake ɗauka a kansa su yi ɗawafi, a bukkar gwangwani yake kwana, kuma duk wanda ke zaune a tabarmar nan ya sani, don ya ɗaukar masa kaya. Na fito da gammon na sa wa Inna a hannu. Ɗaya bayan ɗaya alhazan suka tuna suna da uzuri, suka nemi takalmansu.

An ce na yi rashin kunya, na tona asirin gidanmu, wasu har yau ba sa amsa gaisuwata. Su riƙe abarsu. Abin da tafiyar nan ta koya mini, daga bakin mutumin da aka ce kada in ci abincinsa, shi ne ba teku ba ce ta raba mu da 'yan'uwanmu da ke Misfala da gonakin audugar Sudan. Mu ne, da idonmu a kan akwati, da rufin asirin da ba wanda ya roƙe mu. Mutumin da ya kai ɗaruruwan bayin Allah suka zaga Ɗakinsa a kan wuyansa, shi ne muka sa yake jin kunyar shigowa garin da aka binne cibiyarsa. Mutanen Iran da suka fusata sun zauna sun tambayi kansu me ya same su. Mu kuwa in mun fusata sai mu ce a rufa, a yi haƙuri.

Da gida ya watse, Inna tana nan zaune da gammon. Ta bi shi da yatsu, ta taɓa inda ya lotsa, ta kai hanci ta daɗe tana shaƙa. Sai na ji ta ce, "Habu." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ran nan. Ta sake faɗa da ƙarfi, kamar yana bayan ɗaki. Sannan ta ce, "Duk mai tafiya ya gaya masa ni kai na haifa, ban haifi rawani ba. Ya zo haka nan."

Na bi gida gida na gaya wa duk mai niyyar hajji, na sa sun maimaita a gabana don kada wani ya ƙara masa gishiri. Motocin Gabas ba za su tashi ba sai bazara. Inna kuwa tari ya kama ta tun da kaka, ta daina kaɗi, da gammon take matashi.